Motar Juma'a da Bel ɗin Taimin

Shirinmu na yau daga Batagarawa yake zuwa muku, a bakin titin Dutsin-Ma, hanyar da malamai da ma'aikatan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ke bi safe da yamma. Akwai wata irin mota da ba ta da wuyar gani a wannan yanki: motar dattijon da ya yi ritaya, ko ta Hajiya, wadda ba ta fita sai ranar Juma'a, sai ɗaurin aure a Ƙofar Ƙaura, sai gaisuwar mara lafiya. Shekara za ta zagayo ba ta yi wata tafiyar kirki ba. In ka ce wa mai ita ya canza bel ɗin taimin, sai ya ce, "Haba malam, ina motar ta je?"

Bel ɗin taimin dai roba ce mai haƙora, da zare mai ƙarfi a cikinta, tana ɓoye bayan murfi a jikin injin. Ita ke haɗa karanshaf da kamshaf, don bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistan. Ba fambel ba ce, wadda kake gani da ka ɗaga bonet. Fambel takan yi ƙara kafin ta tsinke. Bel ɗin taimin kuwa sau da yawa ba ta sallama. A injuna da dama, irin na Peugeot 406 da Honda, tana tsinkewa fistan zai daki bawul ya lanƙwasa su, aikin ya koma na sauke kan silinda.

To, ga abin da ya ja hankalina, kuma ina so ku kasa kunne. A littattafan da kamfanin Honda ya riƙa haɗawa da tsofaffin motocinsa na Amurka masu bel, kamar Accord mai silinda shida, an sa wa'adi biyu: mil 105,000, wato kimanin kilomita 168,000, ko shekara bakwai, duk wanda ya riga zuwa. Shekara bakwai, ko da motar a rumfa ta yi su. Sannan ga wani ɗan sharaɗi a ƙasa, wanda ba kowa ke kula da shi ba: in ana yawan tuƙa motar a zafin da ya haura digiri 43, a canza a kilomita 100,000. Digiri 43, jama'a! Wanda ya rubuta wannan, hamadar Amurka yake tunani. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a titin Batagarawa da azahar a watan Afrilu, ya san ma'aunin zafinmu na wuce 40, ya san kuma ba mu da nisa da wancan layi. Ku ƙara da zafin cikin bonet, da ƙurar hunturu, da baƙin mai in ya ɗiga kan bel ɗin daga sil da ya saki. Roba ce. Kamar silifas ne da aka bari a rana, ko ba a taka shi ba zai bushe ya tsattsage. Ni dai a ganina, ga motar da ba ta cika fita ba, kalanda ce alƙali, ba mitar da ke gaban direba ba.

Ita kanta mitar, nawa za a yarda da ita? Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne, sun yi rayuwa a Turai ko Amurka kafin su iso, kuma mayar da lambar mita baya ba sabon abu ba ne a wannan kasuwa. In ka sayi mota ba tare da shaidar ranar da aka canza bel ba, ko 'yar takardar da ake mannawa a kan murfin, ka ɗauka ba a canza ba.

Ba kowace mota ce ke da wannan damuwa ba. Tsohuwar 504 mai fetur da aka haɗa a Kaduna sarƙa take amfani da ita. Haka Corolla ta 2003 zuwa sama, da Accord mai silinda huɗu da ake kira EOD. Amma 406, da yawancin Golf 3, da Civic ta 2001 zuwa 2005, bel ne. Camry mai siririyar fitila, mai injin 2.2, ita ma bel ce, sai dai in ta tsinke ba ta cika lalata bawul ba, za ta dai kashe maka mota ne a inda ta ga dama, wataƙila da dare a hanyar Dutsin-Ma.

Lokaci na neman ƙwace mana. A gurguje: in bakanike ya buɗe, ka sa ya canza tenshina da sil, da famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, tunda wahalar kwancewar ɗaya ce. Kada ka yarda da bel na Beljiyam, wato na hannu, ka nemi sabo na kamfanin da aka sani. Ka karɓi tsohon ka gani da idonka. Ka rubuta rana da shekara a jikin murfin.