Kanwa Ta Kar Tsami, Amma Ban Da Sodar Sabulu

Duk macen da ta taɓa yin miyar yakuwa ta san abin da ke faruwa in ta zuba ruwan kanwa: tukunya ta yi kumfa, tsami ya kwanta. Asid ɗin da ke cikin yakuwa, ɗan'uwan wanda ke cikin tsamiya da lemon tsami da nono, shi ne ya haɗu da kishiyarsa, suka kashe ƙarfin juna. Kumfar kuwa iskar kabon ce ke fita. A nan ba wata ɓarna.

Sodar da mata ke saya a kasuwar Wunti ko Muda Lawal don haɗa sabulu dangin kanwa ce, sai dai ƙarfinsu ko kusa ba ɗaya ba. Aikinta ma daban ne. In ta haɗu da manja ko man gyaɗa, sai ta farfasa maiƙon ta mayar da shi sabulu. To, jikin ɗan Adam ma akwai maiƙo. Santsin da kike ji a yatsu in ruwan soda ya taɓa ki, fatarki ce ta fara narkewa.

Abin tsoron shi ne, in an jiƙa ta sai ka rantse ruwan sha ne, ga shi ba ta da wari. A ɗura ta a gorar ruwa, a tura ƙarƙashin gado, yaro ya dawo daga Islamiyya da ƙishirwa ya kafa kai. Nan take ta ƙone baki da maƙogwaro. Wani yaron sai bayan makonni hanyar abincinsa ta tsuke, ko kunu ya gagara wucewa.

A nan ne ilimin tukunya ke yaudarar mutane, su ce a ba shi lemon tsami ya kashe sodar. Kul! Haɗuwar tasu zafi take fitarwa, ƙuna a kan ƙuna. Ɗura manja, al'adarmu da ta ƙi mutuwa, ba ya hana komai. Sa shi amai kuwa sake ƙone maƙogwaron ne karo na biyu.

In a fata ko ido ta zuba, a cire tufafin da suka jiƙe, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20. In haɗiya ya yi, a ɗauraye masa baki a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa, a tafi da gorar don likita ya gani, ko da yaron bai nuna alamar ciwo ba.

Uwargida mai sana'ar sabulu, don Allah ki nema wa soda mazubinta mai murfi, ki rubuta sunanta a jiki, ki kulle ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.