Gida ɗaya a Mafara, lissafi biyu: gadon 'yan ƙetare da harajin riba

A ƙasar Mafara ba a sayar da gidan gado sai abu ya kai maƙura. Ko magada sun yi yawa har ɗakuna sun kasa, ko bashi ya biyo mamaci, ko kuma, kamar yadda ake gani a shekarun nan, 'yan bindiga sun tayar da mutane daga ƙauyukan Maradun da Bakura, kowa yana neman abin da zai kama haya ko ya sayi fili cikin gari. Idan aka kai ga sayarwa, sau da yawa akan tarar ɗaya daga cikin magadan ba ya ƙasar. Yana Jidda, ko Kumasi, ko kuwa likita ne a Manchester, ko malamin jami'a a Amurka. Shi ne ya yi wa gidan rufin kwano, shi ke aiko kuɗin azumi, don haka shi ake kira a waya: "Yaya, an samu mai saye, kai muke jira." Wani lokaci ma shi marigayin ya naɗa wasiyyi, don yana da boko kuma ba ya kwaɗayin abin 'yan'uwa.

Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, hukumomin haraji biyu ne ke da ido a kan wannan ciniki, kuma kowace da irin kuɗin da take lissafi da shi.

A fara da gida. Nijeriya ba ta karɓar harajin gado. An taɓa kafa shi a 1979, aka soke a 1996, kuma hayaniyar da ta tashi a Arewa a ƙarshen 2024, cewa sababbin ƙudurorin haraji na Shugaba Tinubu za su sa hannu a dukiyar marayu, ta sa Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin da ya tsara su, ya sha fitowa yana musantawa. Amma rashin harajin gado bai hana harajin riba ba. Dokar 1967, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1965, ta ɗora haraji a kan ribar da mutum ya samu idan ya sayar da kadara, daga baya aka mayar da shi kashi 10 cikin 100. Ga mai gado kuwa ta yi sassauci mai ma'ana: ba a komawa kan abin da uba ya kashe ya gina gidan a zamanin Shagari. Ana ɗaukar darajar gidan a ranar da ya rasu, a cire ta daga kuɗin da aka sayar, a cire la'adar dillali da kuɗin lauya da na gyaran da ya ƙara wa gidan daraja. Abin da ya saura shi ne riba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta kawar da wancan kashi 10 na bai-ɗaya, ta haɗa ribar da sauran kuɗin shigar mutum: naira 800,000 na farko babu haraji, daga nan ana hawa mataki-mataki, daga kashi 15 har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50.

Gaskiya dai, a Dakko ko Rini ko Birnin Tudu, inda ake cinikin gidan ƙasa a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta takarda a dangwala hannu, ba kasafai wani jami'in haraji ke leƙowa ba. Harajin yana fitowa ne idan gidan na cikin Talata Mafara ko Gusau, mai takardar mallaka, kuma mai saye yana son a mayar da ita da sunansa. Dokar filaye ta 1978 ta ce irin wannan ciniki ba ya tabbata sai da amincewar gwamna, kuma a kan hanyar neman wannan amincewa ne ake cin karo da kuɗin hatimi, da na rajista, da harajin riba. Na mazauna jiha yana shiga asusun hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Na wanda ba mazaunin Nijeriya ba kuwa hurumin hukumar tarayya ne.

Yanzu ga inda lissafin ke rabuwa biyu. A ɗauki misali kawai. Mahaifi ya rasu a 2021, gidansa na Mafara ya kai naira miliyan 20. Ba a raba ba, ana ta jan ƙafa, sai a 2025 aka sayar miliyan 45. A idon hukumar Nijeriya an ci ribar miliyan 25, kuma a tsohuwar doka za a biya miliyan 2.5. To amma a 2021 fam ɗaya na Ingila yana wajen naira 570 a farashin gwamnati. Bayan da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, ya kai wajen naira 2,000. Wato gidan da ya kai kusan fam 35,000 ranar rasuwa, an sayar da shi fam 22,500. A London faɗuwa aka yi, ba riba ba. Kuma haka hukumar harajin Ingila ke lissafi: a juya darajar ranar rasuwa zuwa fam da canjin wannan rana, a juya kuɗin sayarwa da canjin ranar sayarwa. Kotu ce ta tsayar da wannan ƙa'ida tun 1981, a shari'ar Bentley da Pike, wadda ita ma a kan gadon kadara ce da ke Jamus.

A ganina wannan shi ne babban rashin adalcin da ke cikin lamarin, kuma ba ɗan ƙetare yake cuta ba. Shi yana iya rubuta asararsa ya rage harajin wata ribar da ya ci a can. Gwauruwar da ta karɓi tumuninta a Mafara, ita ce ake cewa ta ci riba, alhali kuɗin da ke hannunta ba za su sayi buhunan siminti da za su saya a 2021 ba. Dokar 1967 ba ta rage komai saboda hauhawar farashi. Faɗuwar naira ake kira riba, a karɓi haraji a kanta.

Ba ko yaushe ɗan ƙetaren ke tsira ba. Gidan da ke bakin titi ko kusa da kasuwa, ko fili a Gusau da ya ninka sau goma saboda kwararar masu gudun hijira, yana iya nuna riba ko da a fam. Mazaunin Ingila kuwa ana bin sa haraji a kan ribar da ya ci ko'ina a duniya. An yafe masa fam 3,000 a shekara, sauran ya biya kashi 18 ko 24 gwargwadon samunsa, a cire masa abin da ya riga ya biya a Nijeriya, albarkacin yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ƙasashen suka ƙulla a 1987. Tsohuwar kafar da baƙi ke bi, ta cewa muddin kuɗin bai shigo Ingila ba babu ruwan hukuma, an toshe ta ranar 6 ga Afrilu 2025. Sai sabon zuwa kawai ke da rangwamen shekara huɗu.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutanen kirki. Ɗan'uwa a waje yakan ce, "Ni na bar wa su Inna da ƙannena kasona, Allah ya jiƙan Baba." A wurinmu wannan zumunci ne, a yi masa addu'a a tashi. A dokar Ingila kyautar kadara ga ɗan'uwa daidai take da sayar da ita a farashin kasuwa, kuma idan darajar ta tashi, mai kyautar ne zai biya harajin ribar da bai gani ba. Dokar ta buɗe ƙofa ɗaya: idan ya yi wannan yafiya a rubuce cikin shekara biyu da rasuwar, kuma ya bayyana a takardar cewa haka yake so a ɗauke ta, sai a lissafa tamkar marigayin ne ya ba su. Shekara biyu kuwa, a gidajenmu, sau da yawa ko maganar rabo ba a fara ba, don kada a ce wane yana ɗokin dukiya.

Na Amurka lissafinsa ya yi kama da wannan: darajar ranar rasuwa ce tushe, a dala, harajin kuma sifili ne ko kashi 15 ko 20. Sai dai babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Nijeriya, kuma wanda ya gaji abin da ya haura dala 100,000 daga wanda ba Ba'amurke ba dole ya sanar a takarda mai lamba 3520, ko da babu sisin da zai biya. Tarar rashin sanarwa tana iya kai kashi 25 na abin da ya gada. Hausawan Makka da Madina da Jidda su dai ba su da wannan ciwon kai, don Saudiyya ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane.

Duk waɗannan dokoki a kan abu ɗaya suka rataya: nawa gidan ya kai ranar da mai shi ya rasu? Abin mamaki, al'adarmu ta riga ta tanadi amsar. Ba a rabon gado sai an yi wa gida da gona da dabbobi kuɗi, ko a gaban malamai da dattawa, ko a kotun alƙali, wadda ita ke da hurumin gadon Musulmi tun kafin Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a 1999. Matsalar ita ce ƙimar ranar rabo ake yi, ba ta ranar rasuwa ba, tsakaninsu kuma akan sami shekara biyar ko goma. A fiƙihu haƙƙin magaji yana tabbata ne tun numfashin ƙarshe, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Jinkirin namu ne, ba na addini ba.

Na san kuma dalilin da ya sa mutanen wannan yanki ke ɗari-ɗari da mai riƙe da takarda yana yi wa ƙasarsu kuɗi. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ta cinye gonaki da gidajen dubban manoma, rigimar diyya kuma ta ƙare da harbin da 'yan sanda suka yi a watan Afrilun 1980. Amma ƙimar da ake magana a nan ba gwamnati ke yin ta ba. Magada ne za su ɗauko ƙwararren mai ƙiyasta kadara, mai rajista da hatimi, ya rubuta musu rahoto a watannin farko, su ajiye tare da takardar shaidar rasuwa da hukuncin rabo na alƙali. Waɗannan takardu dai su ne bankin da ke Ingila ko Amurka zai nema ranar da kuɗin suka faɗo asusun ɗan'uwansu, ya tambaye shi inda ya samo su.

Shi kuma wasiyyi ko wakilin magada, ya ware kuɗin harajin tun kafin ya fara miƙa wa kowa kasonsa. Idan ya raba miliyan 45 ɗin ga mutum goma sha biyu, wani ya yi aure, wani ya biya kujerar Hajji, wata ta sayi shanu, sannan takardar hukuma ta iso, sunansa ne a kan takardar ciniki, kuma shi za a nema.