Hunturu Lokacin Fita Ne

Yau magana ce a kan hunturu, da abin da ya kamata mu yi da shi ban da jin ɗumi da ƙudundunewa cikin bargo. Ra'ayina shi ne, a duk shekara babu lokacin da ya kai watannin Disamba zuwa Fabrairu dacewa da a ce magidanci ya kwashi iyalinsa, ko malami ɗalibansa, su fita da hantsi su ga wani wurin tarihi da ke kusa da su, su dawo gida kafin magariba. Kano da kewayenta zan ɗauka misali, amma maganar ta shafi kowane gari.

Mu fara da yanayi. Da damina manomi ba shi da sukuni, hanyoyin karkara sun zama taɓo, hadari kuma na iya rusa shirin yini guda cikin sa'a ɗaya. Da bazara kuwa, musamman a Afrilu, zafi kan kai digiri 40 a Kano, wanda ya ce zai hau dutse da yara a irin wannan rana ya ɗauko wa kansa wahala. A hunturu ne kaɗai za ka yi tafiyar ƙafa da tsakar rana ba ka jiƙe da gumi ba, domin sanyin asuba kan sassauta da zarar rana ta ɗaga. Ga amfanin gona ya shigo gida, ga makarantu sun ba da hutun Disamba, ga hanya busasshiya.

Mutumin Kano ba ya ma buƙatar barin gari. Ya fara da Dutsen Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda, ya hau matakala ya hango birnin daga sama. Ya gangaro Gidan Makama, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa kafin ya hau gadon sarauta a 1463, yau kuma gidan adana kayan tarihi ne. Ya ratsa Kasuwar Kurmi, ita ma ta zamanin Rumfa ce, sannan ya ƙarasa karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498. A nan ya dace a daɗe. Ku tsayar da yaro bakin rami ya ga marini ya tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba da toka da kanwa, ya ɗago shi da launi kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonsa. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, har shuɗin ya yi duhu. Yaron da ya ga wannan ya samu darasin kimiyya da na tarihi a tsaye, kuma zai gane dalilin da ya sa fatake suka riƙa ɗaukar tufafin Kano zuwa ƙetaren Sahara.

Mai halin fita wajen gari yana da zaɓi. Akwai Madatsar Ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, akwai Rijiyar Kusugu a Daura. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse, shanu marasa tozo, irin da makiyayinmu na yau ba ya korawa. Amma hujjata mafi ƙarfi tana fadamun Haɗeja da Nguru. A waɗannan watanni ne dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsaye ke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare hamada su sauka a Baturiya da Dagona. Kafin damina sun koma inda suka fito. Wanda bai je da hunturu ba, ba zai gan su ba. Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989 saboda su, alhali akwai mutanen Haɗeja da Gashuwa da ba su taɓa leƙawa ba, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai.

Na san abin da wani zai ce: ina ake yawo cikin wannan ƙura? Maganarsa tana kan hanya. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi tana tayar wa masu asma ciwonsu, tana sa mura da tari, ran da hazo ya yi kauri kuma ko kan Dala ka hau ba abin da za ka hango. To amma hazo zuwa yake yana ɗagawa, ba kullum yake rufe gari ba, kuma hukumar NiMet tana sanar da hasashensa. Ran da ya sauka, a ɗage tafiyar nesa, domin tuƙi cikinsa ganganci ne. Ran da gari ya washe, a sa wa yara rigar sanyi da takunkumi, a shafa musu man kaɗanya, a ɗauki ruwan sha. Jariri da mai asma da tsohon da ba ya jure sanyi, su a bar su gida. Mu kuma tuna, ƙurar nan ba ta hana kowa zuwa kasuwa ko ɗaurin aure a wani gari ba.

Sai batun kuɗi da tsaro, waɗanda ba zan raina ba. Ai shi ya sa na ce yini ɗaya: babu kuɗin masauki, abinci daga gida za a ƙullo shi, zagayen cikin birni kuɗin adaidaita sahu ne, na nesa kuma gidaje uku ko huɗu na iya haɗa kuɗin mota guda. Tafiyar da aka fara da hantsi aka gama da la'asar ba ta haɗa mutum da hanyar dare. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a tashi, wadda aka yi shakkarta a haƙura da ita.

Akwai kuma masu cewa wuraren sun lalace, me za a gani? Gaskiya ne an cinye badalar birnin Kano a wurare da yawa, ramukan rini da dama a Ƙofar Mata kuma sun daina aiki. Sai dai rashin zuwanmu yana cikin abin da ya jawo haka, domin marinin da ba ya samun mai saye ba zai koya wa ɗansa sana'ar ba, hukuma kuma ba ta kashe kuɗi a inda ba ta ga jama'a. Don haka, iyaye da malamai, ku ware Asabar ɗaya kafin zafi ya shigo, ku zaɓi wuri ɗaya mafi kusa da ku, ku kai yaran nan su gani da idonsu.