Madubin da ake ƙera ƙwaƙwalwar waya da shi

Cinikin masara da auduga a Funtua da Malumfashi ya koma kan wayar hannu, daga jin farashi har zuwa tura kuɗi. Ƙwaƙwalwar sababbin wayoyi masu tsada kuwa, tun daga 2019 ake zana ta da wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira EUV.

Tsawon zangon wannan haske nanomita 13.5 ne, nanomita kuma kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Ana samar da shi ta hanyar harbin ɗigon narkakkiyar kuza, irin wadda ake haƙa a Jos, da hasken laza sau 50,000 a daƙiƙa guda. Matsalarsa ita ce iska da gilashi duk suna shanye shi, don haka gilashin tabarau ko na kyamara ba shi da amfani a nan. Sai madubi, a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska.

Kamfanin Zeiss na Jamus ne ke ƙera madubin, kamfanin ASML na Holan kuma shi kaɗai a duniya ke harhaɗa injin, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 150. Ana shimfiɗa wa madubin siraran hawa-hawa na molibdenom da silikon, sama da 40 na kowanne, amma duk da haka kusan kashi 70 cikin 100 na hasken yake mayarwa. Sulɓinsa kuwa, da za a faɗaɗa shi ya kai girman ƙasar Jamus, tudun da ya fi tsawo a kansa ba zai kai milimita ɗaya ba.

Hasken eksire na hoton ƙashi ya fi EUV gajeren zango, kuma ratsa madubi yake yi idan ya zo masa kai tsaye. Dabarar ita ce a karkata madubin yadda hasken zai shafe shi kawai, kamar tsakuwar da aka wurga a kwance ta yi tsalle a kan ruwa.

A nan manomi ke da rabo. Eksire na bayyana sinadaran da ke cikin ƙasa, kamar ƙarfe da zinki da dalma, kuma cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na yin irin wannan awo. Bincike mai zurfi, kamar gano inda sinadari ya taru a cikin ƙwayar hatsi, sai da babbar na'urar sinkurotoron mai irin waɗannan madubai. An buɗe ɗaya a Jodan, SESAME, a 2017, amma Afirka ba ta da ko ɗaya. Masana sun yi taro a Akara a 2019 kan gina ta. Kafin a gina, mai irin wannan bincike a Zariya sai ya kai samfurin ƙasar Malumfashi ƙetare, ya jira layi.