Kumburin da ake cewa "ai na ciki ne"

Ka dubi yayarka mai ciki da kyau. Fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita, kai na sara, tana gani dishi-dishi? Kar ka yarda da "ai na ciki ne".

In awo ya nuna 140/90, hawan jini ne, kuma yakan taso bayan mako 20. Yana rage jinin da mabiyiya ke kai wa jariri, sai ya ƙi girma ko a haifi bakwaini. Uwar kuwa, jijjiga. A ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo wasu kan ce iskoki ne, a turara hayaƙi, alhali allurar magnesium sulphate take buƙata. Sakkwato kuwa da nisa a daren damina.

Ajiye TikTok ɗin nan, ɗauko babur ka kai ta awo.