Waya da kece raini a Chaina: me ya sa ɗalibi ke cin bashi, ɗan kasuwa ke yawan canja waya?

Duk wanda ya saba shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba ya san yawancin wayoyin da ke kan teburan nan daga Chaina suka fito. Tecno, Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, mai hedkwata a birnin Shenzhen. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a can Chaina da wuya ka ga ɗan ƙasar riƙe da Tecno, domin don kasuwannin waje irin namu ake ƙera ta. To, su wace waya suke riƙewa, kuma me ya sa maganar waya take da nauyi haka a wurinsu? Amsar za ta amfani 'yan kasuwarmu masu hulɗa da su, da iyayen da 'ya'yansu suka hana su sakat da maganar iPhone.

Abin da suke kira "fuska"

'Yan Chaina suna da wata kalma, mianzi, wadda ma'anarta ita ce fuska. Abin da suke nufi da ita ya yi kusa da abin da muke kira mutunci da fita kunya, wato yadda jama'a ke auna ka, da yadda kake kare kanka daga raini. Ana ba mutum fuska, ana zubar masa da ita, kuma ana kashe kuɗi don a tsare ta.

Tun kafin zuwan waya, kayan da ake gani da ido ne ma'aunin wannan fuska. A shekarun 1970, saurayin da ke neman aure ana sa ran ya kawo "manyan kaya uku": agogon hannu, keke da keken ɗinki. A shekarun 1980 suka koma talabijin, firji da injin wanki. Kai ka ce lefe ne, kowane zamani da abin da ake leƙawa a gani. Da waya ta zo sai ta fi su duka, saboda firji a gida yake zama, ita kuwa duk inda ka sa ƙafa tana tare da kai.

Daga "babban yaya" zuwa ruwan zinare

A ƙarshen 1987 aka buɗe layin wayar hannu na farko a babban yankin Chaina, a birnin Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu suka fi sani. Yawancin wayoyin lokacin na Motorola ne, manya kamar bulo, kuma ana kiransu dageda, wato babban yaya. Kuɗin guda ɗaya ya kai yuwan 20,000, ban da na haɗa layi, alhali albashin ma'aikaci na shekara guda cur bai kai yuwan 2,000 ba. Ɗan kasuwa ya shiga gidan abinci ya dire ta a kan tebur, ai ba sai ya ce komai ba. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba sai ya sayi 'yar na'urar karɓar saƙo, ya maƙala ta a bel yadda kowa zai gani.

Har lambar waya ta shiga lissafi. Lamba 8 suna ɗaukarta ta arziki saboda lafazinta ya yi kusa da kalmar samun dukiya, 4 kuma ana gudunta don ta yi kama da kalmar mutuwa. A 2003 wani kamfanin jiragen sama na lardin Sichuan ya sayi lamba mai 8 guda takwas a jere kan kuɗi sama da yuwan miliyan 2.

Bayan zamanin Nokia da Motorola, iPhone ta karɓi sarauta. A watan Janairun 2012, ranar da za a fara sayar da iPhone 4S, cunkoso ya sa shagon Apple na unguwar Sanlitun a Beijing ya ƙi buɗewa, mutanen da suka kwana a layi cikin sanyi suka fusata har aka jefi shagon da ƙwai. A 2013 da aka fito da iPhone 5s mai ruwan zinare, sai aka laƙaba wa launin sunan tuhao jin, zinaren sabon kuɗi. Ba'a ce, amma ba ta hana mutane rububinta ba. Ga shi dandalin Weibo yana iya nuna irin wayar da aka yi rubutu da ita a jikin saƙon, saboda haka ko wanda bai taɓa ganinka ba ya san abin da ke aljihunka.

Ɗalibai: inda abin ya fi ciwo

Ka tuna daga kusan 1980 zuwa 2015 Chaina na kan dokar haihuwar ɗa ɗaya. Yaro guda, iyaye biyu, kakanni huɗu, kowa idonsa a kansa. Idan ya ci jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira gaokao, dole a yi masa tukwici. A wajajen 2012 tukwicin da ake yayi shi ne "kayan Apple uku": iPhone, iPad da kwamfutar MacBook. A jami'o'insu ɗalibai huɗu ko shida ne ke zama ɗaki ɗaya, ɗan attajirin Shanghai da ɗan manomin ƙauye gado kusa da gado. Kowa na ganin abin da kowa ke sa wa caji da dare.

Labarin da ya fi girgiza ƙasar ya faru a 2011. Wani ɗalibin sakandare mai shekara 17 daga lardin Anhui ya sayar da ƙodarsa ɗaya kan yuwan 22,000, ya sayi iPhone da iPad. A birnin Chenzhou na lardin Hunan aka yi masa aikin a ɓoye. Daga baya lafiyarsa ta taɓu sosai, kuma a 2012 aka gurfanar da waɗanda suka shirya cinikin, har da likitan. Tun daga nan matasan ƙasar ke kiran iPhone "wayar ƙoda" cikin raha.

Wannan mutum ɗaya ne. Wanda ya ci mutane da yawa shi ne bashi. Daga wajajen 2014 kamfanonin ba da rance ta intanet suka cika jami'o'i: karɓi waya yau, ka riƙa biya wata-wata. Ba jingina, katin ɗalibi kawai ake nema. Kuɗin ruwa kuwa a ɓoye yake cikin ƙananan rubutu, sai ɗalibi ya ci bashi a wata manhaja don ya biya wata. A 2016 aka bankaɗo cewa wasu masu ba da rance suna karɓar hotunan tsiraicin ɗalibai mata a matsayin jingina, su yi barazanar tura wa iyaye idan an gaza biya. A 2017 gwamnati ta hana irin waɗannan kamfanoni ba ɗalibai rance, ta ƙara tsaurara dokar a 2021. A wannan shekarar dai ma'aikatar ilimi ta hana 'yan firamare da sakandare shiga makaranta da waya, sai da rubutaccen izinin iyaye.

Sai dai an toshe nan, ta ɓulle can. Yara ƙanana yanzu agogon waya suke ɗaurawa, wanda ya fi tashe shi ne Xiaotiancai. Yaro na haɗa abota da wani ta hanyar kusanta agogunansu, kuma ana gasar yawan masu yaba shafinka. Wanda aka saya wa na wani kamfani daban ba ya cikin da'irar.

'Yan kasuwa: waya ce riga

Wajen ɗan kasuwa lissafin daban ne. A da, idan an haɗu sai a miƙa katin suna da hannu biyu. Yanzu waya ake fitarwa a haɗa WeChat, da ita ake tura hoton kaya, da ita ake biyan kuɗin abinci ta WeChat ko Alipay. Ke nan babu zaman ciniki da waya ba za ta fito fili ba. Kasuwancinsu kuma ya dogara sosai ga guanxi, wato sanayya da yarda. Mai neman a ba shi kaya bashi ko a haɗa jari da shi yana son a ga alamar harka na tafiya.

Har wayoyi aka ƙera musamman don masu wannan buƙata. A 2015 aka fito da wata mai suna 8848, lambar tsawon dutsen Everest a ma'aunin mita, kan yuwan 9,999. Wang Shi, attajirin gine-gine wanda ya taɓa hawa dutsen, shi ya yi mata talla. Kayan cikinta ba su fi na sauran wayoyi ba. Fatar jikinta da sunan ake saya.

Daga baya siyasa ta shigo. A Disambar 2018 aka tsare Meng Wanzhou, 'yar wanda ya kafa Huawei, a Kanada bisa buƙatar Amurka, a 2019 kuma Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin takunkumi. Sai riƙe Huawei ya zama alamar kuɗi da kishin ƙasa a lokaci guda, musamman ga masu harka da hukumomi. A ƙarshen Agustan 2023, daidai lokacin da sakatariyar kasuwancin Amurka ke ziyara a Chaina, Huawei ya saki Mate 60 Pro mai ƙwaƙwalwar da aka ƙera a cikin gida. A Satumbar 2024, 'yan sa'o'i bayan Apple ya gabatar da iPhone 16, Huawei ya fito da Mate XT mai naɗewa gida uku, farashinta daga yuwan 19,999. Ka ga an koma kuɗin "babban yaya" na 1987.

Shi ya sa yau za ka iya samun ƙaramar ma'aikaciya da sabuwar iPhone, mai masana'antar kuma da Huawei, ɗalibi mai lissafi da Xiaomi ko Redmi. Matasa da dama ma, ganin aiki ya yi wuya, sun koma sayen na hannu a manhajar Xianyu, kuma ba sa jin kunyar faɗa.

Ina ruwanmu?

Na farko, ga mai zuwa Guangzhou ko mai karɓar baƙin 'yan Chaina a Legas da Anacha: waya tana gaya maka yadda mutum ke son a gan shi, ba ta gaya maka nauyin aljihunsa ko gaskiyarsa. Dillalin da ba shi da ko shago zai iya riƙe Mate XT. Ka nemi takardar rajistar kamfani, ka je masana'anta da ƙafarka, ka tambayi 'yan uwa da suka taɓa ciniki da shi. Haka nan kada ka raina dattijo mai tsohuwar waya, wataƙila shi ne mai wurin.

Na biyu, wayar da wani ya yar don ta daina ba shi fuska ba ta mutuwa. A kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen ana gyara tsofaffin wayoyi, a canja musu gilashi, batir da murfi, su fito fes kamar sababbi. Idan za ka sayi tokumbo, ka duba lafiyar batir da lambar IMEI, ka tabbatar ba a kulle take da asusun wani ba.

Na uku shi ne na cikin gida. Manhajojin rancen da suka addabi ɗaliban Chaina, irinsu suna nan a Najeriya, har da tura saƙon tozarci ga mutanen da ke cikin wayar wanda ya gaza biya. Yaron da ya taso a Sabon Ibadan ko Agege yana karatu da 'ya'yan kowa, yana kuma jin irin matsin da ɗan manomin Chaina ke ji a ɗakin kwanan jami'a. Idan ya dage sai iPhone, faɗa kaɗai ba zai yi magani ba. A zauna da shi a yi lissafi: nawa ne kuɗinta yau, nawa za a saye ta bayan shekara biyu, kuma wa zai biya bambancin. Idan kuma ya shigo da sabuwar waya wadda ba ku kuka saya ba, a tambaye shi inda kuɗin ya fito tun a daren.