Maganin ƙarfin maza da lafiyar zuciya: Cinikin da ake yi cikin raɗa a Maiduguri

A ranar 10 ga Satumban 2024 ne ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya mamaye babban sashe na birnin Maiduguri, har da kasuwar magunguna ta Gamboru. Bayan ruwan ya janye, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta rufe kasuwar, saboda an samu ana wanke magungunan da ambaliyar ta lalata, ana shanya su a rana domin a sake sayar da su.

Lamarin ya nuna irin hanyoyin da magani ke bi kafin ya isa hannun mai sha. A cikin magungunan da ke bin waɗannan hanyoyi ba tare da takardar likita ba, babu wanda ake saye cikin sirri kamar maganin ƙarfin maza. Ana tambayarsa cikin raɗa a kemis, ana tallarsa da lasifika a tashoshin mota, wani lokaci kuma direba ko hadimi ake aika ya sayo wa maigida. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me wannan ƙwaya take yi wa zuciya?

Asalinsa maganin zuciya ne

Sinadarin sildenafil, wanda duniya ta sani da sunan Viagra, an haɗa shi ne a ɗakin binciken kamfanin Pfizer da ke garin Sandwich a Ingila, da nufin magance hawan jini da ciwon ƙirjin da ke tasowa idan jini bai wadaci zuciya ba. Gwajin bai ba da sakamakon da aka so ba, amma mazan da aka gwada shi a kansu sun ba da labarin wani tasiri na daban. A watan Maris na 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin maganin raunin mazakuta. A 2003 tadalafil da vardenafil suka biyo baya.

Aikinsu iri ɗaya ne. Jijiyoyin jini suna fitar da wani sinadari mai suna naitirik oksaid, wanda ke sa su saki jiki su buɗe, jini ya gudana. Binciken wannan sinadari ne ya samar wa Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Ƙwayar tana tsawaita wannan buɗewa ne. Sai dai tasirinta bai tsaya a gaba kaɗai ba. Yana ratsa jijiyoyin jiki, shi ya sa ƙarfin bugun jini ke ɗan sauka, fuska ta yi zafi, kai ya yi ciwo.

Gargaɗin da ake toshe wa baki

A wannan yanki akan ɗora raunin gaba a kan basir ko sanyi ko sammu. Likitocin zuciya kuwa suna kallonsa da wani ido. Faɗin jijiyar da ke kai jini ga mazakuta bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, alhali na jijiyoyin zuciya ya kai 3 zuwa 4. Idan kitse ya fara taruwa a bangon jijiyoyi, ƙaramar ce ke fara nuna alama. Don haka raunin gaba yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5.

Abubuwan da ke jawo su biyun ma ɗaya ne: hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba, yawan kitse a jini da zaman ofis babu motsa jiki. Akwai kuma damuwa da firgici, waɗanda mutanen Borno suka sha fama da su tun daga 2009, kuma su kaɗai suna iya kashe wa namiji jiki. Mutumin da ya haura shekara 40 ya ga ƙarfinsa na raguwa, jikinsa ne ke ba shi wa'adin zuwa a auna shi. Idan ya sayi ƙwaya a ɓoye ta yi masa aiki, ya rufe bakin mai gargaɗi, cutar kuma tana nan tana cin jijiyoyinsa.

Inda haɗarin yake

Babban haɗari shi ne haɗa ƙwayar da magungunan naitiret, irin su nitroglycerin da isosorbide, waɗanda ake ba masu ciwon ƙirji, har da wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe. Dukansu buɗe jijiya suke yi. Idan suka haɗu, ƙarfin jini na iya faɗuwa warwas, mutum ya suma, zuciya ta rasa jinin da take buƙata. Ƙa'idar likitoci ita ce kada a ba da naitiret sai bayan awa 24 da shan sildenafil, ko awa 48 da shan tadalafil, wanda tasirinsa kan kai awa 36.

A nan ne kunya ke iya kashe mutum. Wanda aka kai sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ciwon ƙirji, abu na farko da likita zai iya miƙa masa shi ne naitiret. Idan ya ɓoye abin da ya sha, ko hadimin da ya rako shi ya yi shiru don rufa wa maigida asiri, maganin ceto na iya zama ajali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Haka nan, magungunan da ake ba dattawa masu wahalar fitsari, kamar doxazosin, suna ƙara saukar da jini idan aka haɗa su da ƙwayar. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, su ma ba su da hurumin sha sai likita ya duba su. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi mai sauƙi ne: wanda ba zai iya hawa bene mai hawa biyu da sauri ba tare da haki ko ciwon ƙirji ba, zuciyarsa ce ke buƙatar kulawa da farko. Masu sikila kuma suna cikin haɗarin miƙewar gaba mai ciwo. Idan ta wuce awa 4, sai asibiti.

Abin da binciken Suwidin ya nuna

Wannan ba ya nufin ƙwayar maƙiyiyar zuciya ce. A 2017 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka wallafa nazari kan maza fiye da 43,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, inda suka ga mace-mace sun yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda aka rubuta wa maganin raunin gaba. Sai dai nazarin bibiya ne kawai, kuma mai yiwuwa waɗanda suka nemi maganin dama sun fi sauran ƙoshin lafiya. A 2024 wani nazarin daga ƙasar ya nuna ƙaruwar mace-mace a tsakanin waɗanda aka haɗa musu ƙwayar da naitiret. Mazan da ke cikin nazarin biyu duk ta hannun likita suka karɓi maganinsu, kuma an san abin da ke cikinsa.

Kwalbar da ba ta faɗin gaskiya

Ba haka abin yake ba ga mai saye a bakin tasha. Sildenafil na gaskiya yana zuwa ne a miligiram 25 ko 50 ko 100, kuma ba a wuce sau ɗaya a rana. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin zuma da shayi da haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan tsantsar itatuwa. Mai ciwon zuciyar da ya guje wa ƙwayar Bature ya koma wa irin wannan kwalba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin bai san adadin da ya sha ba. Ga kuma zafin Maiduguri, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana gasa maganin da ya kamata a ajiye ƙasa da digiri 30.

Ko a Ingila, inda tun 2018 ake sayar da nau'in miligiram 50 ba tare da takardar likita ba, sai masanin magunguna ya yi wa mai saye tambayoyi kan zuciyarsa da sauran magungunan da yake sha.

Ma'aikacin tarayya, ko a Abuja yake ko an tura shi Maiduguri, yana da gatan da talaka ba shi da shi: inshorar lafiya ƙarƙashin hukumar NHIA, wadda ke ba shi damar ganin likita a asibitin da ya yi rajista. Awon hawan jini da na suga da na kitse ba sa cin yini guda. Hadimin da aka aika kemis kuwa, mafi girman hidimar da zai yi wa maigida ita ce ya san sauran magungunan da yake sha, ya kuma faɗa wa likita gaskiya idan rana ta ɓaci.